Guraben da Sista Ta Bari a Rajistar Awo

Mutanen garinmu har yau ba su yarda cewa ni ba likita ba ce. Tun da suka ji ana ce mini Dakta, duk ranar da na je gida sai an turo mini jariri mai zazzaɓi ko tsohuwa mai ciwon gwiwa. Na gaji da bayanin cewa lissafi na karanta, digirina na uku ma a lissafi na yi shi, ko kaza ban taɓa tsira wa allura ba. Innata takan kalle ni ta ce, "To in ba ki iya allura ba, me kike ta zarya kina yi a asibiti?" Da can nakan yi dariya in ce aikin yana da wuyar bayani. Yanzu na daina dariyar.

A wani ƙauye na yankin Dandamisa aka haife ni, gidan manoman rake. Mahaifina bai san amfanin lissafin da ya wuce na auna hatsi ba, amma da ya ga ina son abin sai ya ƙyale ni. A shekarata ta biyu a jami'a wani malami ya tsayar da ni bayan jarrabawa, ya tambaye ni wa ya koya mini hanyar da na bi na warware tambaya ta ƙarshe. Na ce babu kowa. Daga ranar ya riƙe ni riƙon 'ya. Mutumin wajen Kudan ne, dogo, mai sanyin magana, ko a aji ba ya ɗaga murya. Shi ya duba mini digiri na biyu da na uku, shi ya tsaya tsayin daka aka ɗauke ni koyarwa a sashenmu, ranar ɗaurin aurena kuma yana sahun gaba kusa da mahaifina. Duk shekara sai mahaifina ya aika masa da mazarƙwaila. A ofis Farfesa nake ce masa, a gida kuwa Baba, kuma har cikin raina nake faɗa.

Shi ya kawo shawarar aikin. Akwai ciwon da ke kashe mata masu ciki a ƙauyukanmu, wanda ake kira jijjiga. Jini ya hau, ƙafa da fuska su kumbura, kai ya yi ta sara, sai rana guda mace ta yanke jiki ta faɗi tana taune harshe. In an gano da wuri ana iya tare shi. Farfesa ya ce mu koya wa kwamfuta ta riƙa ganowa. Abin ba tsafi ba ne. Za ka tara bayanan matan da suka yi awo a baya, shekarunsu, awon jininsu, ciki na nawa ne, sannan ka nuna mata yadda kowacce ta ƙare: wannan ta sauka lafiya, waccan ta samu matsala. In ta ga da yawa sai ta tsinto alamun da kanta, ranar da aka kawo mata sabuwar mace ta ce a sa wa wannan ido. Abin da aka nuna mata shi take koya, ba ta da wayon tambaya ko gaskiya aka faɗa mata.

Mun zaga ƙananan asibitoci a Ikara da Makarfi da Kudan muna neman tsofaffin rajistoci. Wasu gara ta cinye, wasu ruwan sama ya jiƙa, wasu kuwa rubutun ciki ko mai shi ba zai iya karantawa ba. Wuri guda ne muka samu abin kirki, wani ƙaramin asibiti a gefen Gazara. Shugabar wurin ma'aikaciyar jinya ce kuma ungozoma, kowa Sista yake ce mata. Kirista ce, daga kudancin Kaduna aka turo ta tun tana budurwa, ta zauna har furfura ta fito mata, Hausarta ta fi tawa gishiri. Rabin samarin da ke loda rake a mota ranar kasuwar Makarfi a hannunta suka faɗo. Ita ta karɓi haihuwar ƙannena biyu, shi ya sa ni Mama nake ce mata, ita kuma ta ce mini 'yata. Tana da faɗa. In mace ta tsallake ranar awo har gida take bin ta da baki, ta haɗa da mijin. Rajistarta kuwa layi-layi, rubutu ƙanana masu tsabta, kowace shekara da ɗaurinta a cikin kabad ɗin ƙarfe.

Da na gaya mata abin da ya kawo ni, ta daɗe tana kallona ta saman tabarau. Ta ce, "'Yata, rajistata ba ta kwana a waje. In kina so ki zo nan ki zauna ki kwafa." Na ce na yarda. Ta ce, "Kuma ki gaya mini gaskiya, abin nan ba zai dawo kaina ba? Ni na san mutanen ofis. In abu ya yi kyau nasu ne, in ya lalace a nemo ta ƙauye." Na dafa ƙirji na ce, "Mama, wallahi babu inda za a ambace ki sai wurin godiya." Ta miƙo mini makullin kabad ɗin.

Na yi watanni ina zuwa duk Asabar. In zauna a benci kusa da taga ina ɗaukar hoton shafi bayan shafi da waya, ita kuma tana ta fama da masu awo, tana tsokanar wannan tana yi wa waccan tsawa. Da rana ta aiko mini da dafaffiyar gyaɗa ko rake da aka fere. Ina jin daɗin waɗannan ranaku har yanzu in na tuna, kuma jin daɗin ne yake ƙara mini ciwon abin.

A ƙarshen kowane layi na rajistar akwai gurbin da ake rubuta yadda cikin ya ƙare. A wasu Sista ta rubuta ta haihu lafiya, a wasu an tura ta babban asibiti, a wasu ta rasu. A wasu kuma, masu ɗan yawa, ba ta rubuta komai ba. Kwamfuta ba ta koyo da gurbi, sai an ce mata fari ko baƙi. Muka zauna a ofishin Farfesa muna neman mafita. In muka zubar da duk layukan da ke da gurbi, abin da zai rage ba zai isa a yi aikin a zo a gani ba. Farfesa ya murza biro, sannan ya ce, "Duk macen da ta samu matsala ai nan za a rugo da ita, shi ne asibiti mafi kusa da ita. Wadda ba a sake gani ba, a gida ta sauka lafiya. A cike su da lafiya." Maganar ta kwanta mini. Ban tsaya ga yarda kawai ba, har na rubuta shafi guda na hujjojin lissafi da ke nuna cewa hakan daidai ne, kuma na yi alfahari da shafin. Da hannuna na cike guraben.

Sakamakon ya fito gwanin sha'awa. Abu guda ne ya ɗan ba ni mamaki: kwamfutar ta koyi cewa masu cikin fari su suka fi kowa zama lafiya, alhali littattafan likitanci sun ce su jijjiga ta fi kamawa. Na nuna wa Farfesa. Ya yi murmushi ya ce ai wannan shi ne sabon abin da muka gano, matanmu na karkara suna aikin ƙarfi, ba dole jikinsu ya bi littafin Turawa ba. Na ji daɗin maganar, don tana fasa kai. Muka rubuta takarda muka aika wata mujalla ta waje, aka karɓa.

Ga inda nake jin kunyar kaina. Ni fa da cikin ɗana na fari, yana cika wata bakwai Innata ta aiko aka ɗauke ni daga gidan mijina aka mayar da ni ƙauyenmu goyon ciki, kamar yadda ake yi wa kowace mai cikin fari a wajenmu. A can na haihu, a can na yi wankan jego. Asibitin da na fara awo a birni bai sake ganina ba. Na san wannan al'ada kamar yadda na san sunana, amma da na zauna gaban kwamfuta sai na ajiye ta a bakin ƙofa tare da takalmina. Wata da watanni ina kallon guraben nan, ko sau ɗaya ban tambayi kaina ina matan suka tafi ba, kuma ban tambayi Sista ba, ga ta nan taku uku daga bencina.

Mutuwa ce ta buɗe mini ido. Ɗan kawuna yana zaune a Gazara, ya auro wata 'yar ƙauyen Saulawa, yarinya mai fara'a da ta gama sakandare, tana koyon ɗinki. Da ta samu ciki a wurin Sista ta yi awo. Yana wata bakwai iyayenta suka zo suka tafi da ita. A can jijjiga ta kama ta da rana tsaka, kafin a samo mota a kai ta Ikara rai ya yi halinsa, ita da abin da ke cikinta. Lokacin ina ƙasar waje wani kwas, sai bayan watanni da na dawo na je Saulawa yi wa mahaifiyarta ta'aziyya. Muna zaune a tabarma tana ba ni labari, ta tashi ta ɗauko katin awon 'yarta daga cikin kwalla, wai in duba mata tunda ni Dakta ce, ko akwai abin da da an gani da an tare. Na karɓa, na ga rubutun Sista, na ga lambar katin. Nan take na tuna shafukan wannan shekarar su ne na ƙarshe da na kwafa.

Da na koma ban ko cire mayafi ba na buɗe kwamfuta na nemo lambar. Ga layinta. A hoton rajistar gurbin ƙarshe babu komai. A jadawalin da na shirya kuwa an rubuta lafiya, kuma ni na rubuta. Sai na ware duk masu gurbi na dube su ɗaya bayan ɗaya. Kusan dukansu masu cikin fari ne, kuma kusan dukansu awonsu ya tsaya ne a wata na shida ko na bakwai. Ba lafiya ce ta hana su dawowa ba, gidan iyayensu suka tafi. Wadda ta sauka lafiya da wadda ta mutu a hanya duk mun haɗa mun ce wa kwamfuta lafiya lau suke.

Washegari da safe na riga masinja isa ofishin Farfesa. Na zayyana masa komai. Ya saurare ni har ƙarshe, ya yi wa yarinyar addu'a, sannan ya ce lallai na yi kaifin ido, kuma za a gyara. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba gyara ba ne, rushewa za a yi a sake. A janye takardar." Ya ce takarda ta riga ta fita. Ya ce an riga an sa ranar da za a fara gwada manhajar da aka gina a kan aikin namu a wayoyin ma'aikatan asibitoci, baƙi za su zo daga nesa, manya sun amsa gayyata. Ya ce a bari a fara, sai mu gyara a zagaye na biyu a tsanake, ba tare da an tara mana jama'a ba. Da ya ga ban sauko ba sai ya sassauta murya ya ce, "'Yar nan, sunanki ne na biyu a takardar, kuma ita za ki kai gaban kwamitin ƙarin girma. Na taɓa kai ki inda za ki cutu?" Ina da baki, duk sashenmu an san ni da shi. Ranar dai na haɗiye maganata na ce to.

Aka yi taron, aka ɗauki hotuna, aka raba manhajar. Ma'aikaciya za ta shigar da bayanan mai awo, waya ta nuna kore ko rawaya ko ja. Ba a yi wata biyu ba Sista ta kira ni. Ko gaisuwar kirki ba ta tsaya yi ba ta ce, "'Yata, wannan abin naku ba shi da hankali. Yarinya ta zo mini da cikin fari, ƙafa kamar turmi, ya nuna mini kore. Na ajiye shi a aljihun tebur na tura ta babban asibiti." Na ce ta yi daidai, ta ci gaba da bin idonta. Amma ban gaya mata dalili ba. Na ji nauyin in ce mata ni na cike abin da ta bari. Na dai ce ta rubuto ƙorafinta, na kai wa Farfesa da hannuna, ina ganin hakan zai sa a gaggauta gyaran.

Ba ita kaɗai ta yi ƙorafi ba. Wani likita daga cikin baƙin ma ya rubuto yana tambayar yadda aka yi masu cikin fari suka zama su ne marasa haɗari. Sai aka dakatar da manhajar, aka ce mu kawo rahoton abin da ya faru. Wallahi har hamdala na yi. Na zauna na rubuta shafi biyu a kan goyon ciki, na bayyana cewa guraben daidai suke, shawarar cike su ce kuskure, kuma mu masu binciken muka yanke ta. Farfesa ya karanta ya ce madalla, ya sa a cikin daftarin, ya turo mini na gani da idona.

Bayan mako guda ya aiko in same shi a gidansa na Kudan, wai yana can yana duba gona kuma ana son rahoton ranar Litinin. Na isa da hantsi. Uwargidansa ta tare ni da murna ta dama mini fura. Na shiga falo na durƙusa na gaishe shi, na zauna a kan dardumar da ke gaban kujerarsa kamar yadda na saba tun ina ɗaliba. Muka taɓa hirar damina da ta yara. Can ya ɗauko rahoton, an riga an ɗinke shi da bango, ya buɗe shafin ƙarshe ya ɗora yatsa a inda sunana yake, ya miƙo mini biro. Wanda bai tashi a inda na tashi ba zai ce me ya hana ni karantawa. A wajenmu, babba ya miƙo maka takarda a ɗakinsa, kana zaune a ƙasa furar gidansa tana gabanka, ka ce bari ka duba tukuna, daidai yake da ka ce masa ba ka yarda da shi ba. Ya san haka sarai, shi ya sa bai kira ni ofis ba. Na ɗora rahoton a gwiwata na sa hannu, har da yi masa godiya.

A bakin Innata na ji sauran. Ta kira ni bayan wasu makonni ta ce, "Kin ji an cire Sista? Wai an ce ba ta iya riƙe rajista ba." Na ce wace Sistar? Ta ce Sista nawa gare mu. Ofishin da ke sama da ita ya ba ta takardar tuhuma, aka sauke ta daga shugabancin asibitin, aka mayar da ita wani ɗaki a cikin gari tana tsaron kwalayen magani, saura shekara biyu ta yi ritaya. Na nemo kwafin rahoton a wurin sakataren sashenmu na karanta a tsaye. Shafuka biyuna babu su. A madadinsu sakin layi guda ne, wai matsalar ta samo asali daga sakacin shugabar asibitin da aka fi ɗaukar bayanai daga gare shi, wadda ta bar gurabe da yawa ba ta cike ba. Har ƙorafin da ta rubuto an liƙa a baya a matsayin shaidar cewa ba ta ba aikin haɗin kai ba. A ƙasa ga sa hannuna, ya ɗan karkace saboda a gwiwa na yi shi.

Ban nemi izini ba na tura ƙofar ofishinsa. Na ajiye rahoton a teburinsa na ce, "Ina shafukana?" Bai ko girgiza ba. Ya ce, "Zauna mana." Na ce ba zan zauna ba. Ya ce, "Akwai ƙarya a ciki? Ba ita ta bar guraben ba?" Na ce, "Ita ta bari, mu muka cike. Kai ka ce a cike, ni na cike." Ya cire tabarau ya goge a hankali, ya ce, "Ita ta gama aikinta, shekara biyu ce ta rage mata, babu abin da za ta rasa. Ke yanzu kika fara. In aka ce ke kika ɓata bayanai, wace mujalla za ta sake kallon takardarki? Ke na tsare, 'yar nan, wata rana za ki gode mini." Wannan kalma ta fi komai ƙona mini rai. Ya shafa wa baiwar Allah kashin kaji, ya yi da hannuna, sannan yana jiran godiya. Na ce, "Farfesa, ka ci amanata, kuma ka sa na ci ta wadda ta fi mu gaskiya ni da kai." Ya ce in fita in dawo in na huce. Na fita, kuma har yau ban huce ba.

Na yi kwana goma ina juya yadda zan fuskanci Sista. Ranar wata Lahadi bayan an taso daga coci na same ta a gidanta, tana zaune a inuwar mangwaro tana ɓarar gyaɗa a faranti. Ta tashi ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa. Sannan ta shiga gaisuwa. Ina gajiya, ya hanya, ya maigidan, ya yara, ya Inna, ya ƙafar tata, ya aiki, ya ɗalibai, ya mutanen birni. Ba ta tsallake ko ɗaya ba, kuma a kowacce sai ta ce Dakta. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na fara bayani, ina haɗa Kudan da fura da shafuka biyu, ni kaina na ji maganar ba ta da kai. Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni. Ta shiga ɗaki ta fito da takardar tuhumar, an haɗa mata da shafin ƙarshe na rahoton. Ta nuna ta ce, "Wannan hannunki ne?" Na ce nawa ne. Ta ce, "Shi ke nan abin da nake son ji." Ta koma ta zauna ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Can ta ce, "Kin san me ya sa nake barin wurin babu komai? Yarinya ta tafi gidan uwarta, ban ga haihuwarta ba, ban ga gawarta ba. Me zan rubuta? Tun da na fara aikin nan ban taɓa rubuta abin da idona bai gani ba. Da kin tambaye ni da na gaya miki ƙauyen da kowaccensu ta tafi, da sunan uwarta. Kina nan zaune kina cin gyaɗata, ba ki tambaya ba."

Na yi kuka, ba na ɓoyewa. Na ce ta yafe mini, zan rubuta wasiƙa in faɗi gaskiya, in janye sunana daga rahoton da takardar duka. Ta ce yafiya ta Allah ce, ita ba ta riƙe ni ba, amma kada in sa ran za ta ce ba ta ji ciwo ba. Ta ce matan da ta karɓi haihuwarsu yanzu in sun gan ta a kasuwa sai su yi ƙasa da murya, wai an kama ta da laifi a asibiti, wasu ma cewa suke magani ta sayar. Ta ce, "Rubuta wasiƙarki, Dakta. Amma in za ki koma ki biya ta asibitin, ki ce a nuna miki rajista."

Na rubuta wasiƙar, na aika duk inda ya kamata. Mujallar ta liƙa wata 'yar sanarwa da ba na jin akwai wanda ya karanta. A sashenmu aka fara ce mini mara kunyar da ta tona wa malaminta asiri, Farfesa kuwa in mun haɗu a baranda yakan amsa gaisuwata da kai kawai. Ofishin da ya sauke Sista ya ce zai duba, bai gama dubawa ba har ta yi ritaya a ɗakin kwalaye.

A ranar da na je wurin Sista dai, da na bar gidanta, na biya ta asibitin. Sabuwar shugabar matashiya ce mai ladabi, tana bakin aiki ko da yake Lahadi ce, ta gane ni ta ba ni kujera. Na ce ina son ganin rajistar awo. Ta ɗauko da saurinta ta buɗe mini, da alama tana jiran yabo. Na bi shafukan da yatsa. Babu gurbi ko ɗaya, daga sama har ƙasa an cike. Ta ce, "Ai tun abin da ya faru an ja mana kunne, Dakta. Duk wadda ta daina zuwa, in an kwana biyu sai mu rufe layinta, kada a zo dubawa a samu wuri a buɗe." Yatsana ya tsaya a wani suna da na sani, jikar maƙwabciyar Innata ce da aka aurar Gazara bara. An rubuta ta haihu lafiya. Kwana uku kafin nan na gan ta a ƙauyenmu, ta zo goyon ciki, tana zaune a ƙofar ɗakin uwarta ta miƙe ƙafafu a kan tabarma, cikin yana wata takwas.